Yadda ake saita ƙarfin sitiyari da zafin taya a wasan tseren mota

Duk wanda ya sayi sitiyarin wasa, sabo a kwali ko na hannu da aka kawo masa daga Legas, abin da yake fara taɓawa shi ne ƙarfi. Sai ya ƙure shi zuwa 100, sitiyari ya yi nauyi, ya ce ai haka motar tsere take. Bayan 'yan zagaye kaɗan tayar gaba ta yi ja a allo, alamar zafi ya yi mata yawa, mota ta ƙi shan kwana, ya koma gareji yana ta lalube a iskar taya da kamba (karkatar taya) da sifirin, alhali matsalar tana hannunsa. A motar gaske direba yana jin santsi ta kujera da bayansa. A ɗakinka na Unguwar Rimi ko Tudun Wada kujera ba ta motsi, ido da tafin hannu kawai suka rage maka. Idan saƙon da ke zuwa hannun ya gurɓace, za ka riƙa murɗa sitiyari fiye da abin da taya za ta iya ɗauka, ita kuma ta yi ta gurzar kwalta, gurzar nan ce ke dafa ta. Shi ya sa za mu fara da sitiyari, sannan iska, sannan sauran.

Misalan za su fito ne daga wasan Assetto Corsa Competizione, wanda kamfanin Kunos Simulazioni na Italiya ya fitar a 2019, domin yana nuna iskar kowace taya da zafinta da na birki a fili kana cikin tuƙi. Inda wasu wasanni suka bambanta, za mu taɓo su a gaba.

Kafin a kunna wasan

Fara da teburin. Idan sitiyari yana ɗaure a teburin roba, rabin motsin da injinsa ke yi tebur ne ke shanyewa. Katako mai kauri da aka jingina da bango ya wadatar wa ƙaramin sitiyari. Wanda ke da hali ya leƙa Panteka, mai walda ya haɗa masa firam na ƙarfe, ya ɗora tsohuwar kujerar mota a kai. Ka dai gaya masa ya bar ramukan noti da yawa, domin sai ka zauna za ka san tsayin da ya dace da kai.

Sai wuta. Idan kayan daga Amurka suka zo, karanta rubutun da ke jikin adafta ko gindin sitiyarin kafin ka soka shi a bango, don can 120 suke amfani da shi, mu kuwa 230. Ka haɗa shi ta sitabilaiza ko inbata, ba kai tsaye da ƙaramin janareta ba. Kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sitiyari irin na Logitech zai juya da kansa hagu da dama yana neman tsakiyarsa. Cire hannu, bar shi ya gama. Idan ka riƙe shi a lokacin, zai iya ɗaukar karkatacciyar tsakiya.

Ƙurar hunturu ma tana da ruwa da tsaki a zafin taya, ko da yake ba kowa ke lura ba. Fedojin Logitech G29 da G920 suna aiki ne da ɗan ma'auni mai gogayya a ciki, kuma idan ƙura ta shige shi sai ya fara rawa. Shiga shafin saitin fedoji, ɗauke ƙafarka gaba ɗaya, ka kalli sandar birki. Idan tana motsi da kanta, to motarka tana tafiya da ɗan birki a miƙaƙƙen titi, birki yana zafi, zafin yana shiga taya. Sa ɗan gurbin da wasa ba zai ƙirga ba a farkon takun, kashi 2 ko 3 cikin 100, ka fesa maganin wanke kayan lantarki, sannan ka riƙa rufe fedojin da zane idan ka tashi.

Mataki na farko: san abin da ke hannunka

Ƙarfin murɗawar sitiyari da niyuton-mita ake auna shi, ana rubuta Nm. G29 da G920, masu aiki da haƙoran giya, suna ba da abin da ya ɗan haura 2. Thrustmaster T300 RS mai bel yana kusan 4. Sai waɗanda sitiyarin ke ɗaure kai tsaye a kan injin, babu bel babu giya: Moza R5 yana da 5.5, Fanatec CSL DD yana da 5 ko 8 gwargwadon adaftar wutarsa, Simucube 2 Pro kuwa 25. Riƙe wannan lamba a kai, domin saitin da ka gani a YouTube wurin mai Nm 25 ba zai yi maka aiki a kan 2 ba.

Buɗe manhajar sitiyarin a kwamfuta, G HUB ga masu Logitech. Sa juyawa a digiri 900, sannan ka kashe sifirin ɗin ƙarya mai dawo da sitiyari tsakiya. Wasan da kansa yana lissafa yadda taya ke jan sitiyari ya miƙe, idan ka ɗora masa wani jan a kai sai su cakuɗe. A cikin wasan ma ka rubuta 900 ɗin a wurin juyawar sitiyari. Kowace mota tana da nata iyakar, Ferrari 488 GT3 digiri 480 ce, Porsche 911 kuwa 800, kuma idan lambobin biyu suka yi daidai wasan zai daidaita sauran. Gwajin mai sauƙi ne: juya naka kwata guda, ka ga ko na cikin allo ya juya kwata guda.

Mataki na biyu: ƙarfi da ƙurewa

Nan ne gindin maganar. Wasan yana aika wa sitiyari umarni daga sifili zuwa 100. Layin da aka rubuta wa Gain shi ke ninka wannan umarni. Idan ka ɗaga shi da yawa, kwana mai matsakaicin nauyi za ta kai 100, kwana mai nauyi ma 100, lokacin da taya ta fara zamewa ma 100. Injin ba shi da abin da zai ƙara, don haka hannunka yana jin nauyi iri ɗaya a yanayi uku mabambanta. Wannan ita ce ƙurewa. Abin takaicin shi ne ta fi faruwa a tsakiyar kwana mai gudu, daidai inda kake bukatar labari.

Labarin kuwa ga shi. Yayin da kake ƙara murɗawa, nauyin sitiyari yana ƙaruwa har zuwa wani wuri, sai ya daina ƙaruwa, sai ya fara sauƙi. Wannan sauƙin shi ne tayar gaba ke cewa ta kai iyakarta. Duk murɗawar da ka ƙara bayan nan ba ta juya mota, roba kawai take ci. Sitiyarin da ya ƙure ba zai nuna maka wannan ɗan sauƙin ba.

Yadda za ka gyara: zaɓi mota ɗaya da filin da ka sani. Barcelona ta Sifaniya tana da kyau ga wannan aiki saboda doguwar kwanarta ta uku mai zuwa dama, Spa ta Beljiyam ma haka a kwanar Pouhon. A ƙasan allo ta dama, kusa da sandar totur da ta birki, akwai wata sanda mai launin toka da ke nuna ƙarfin da ake aikawa. Idan ta cika takan koma ja. Yi zagaye biyu ko uku cikin natsuwa, kana satar kallonta a dogayen kwanoni. Idan ta yi ja na ɗan ƙiftawa lokacin da ka hau dakalin gefen titi, ba komai. Idan ta zauna a ja tsawon kwanar, rage maki 5 ka sake fita. Ci gaba da haka har ta riƙa kusantar cika ba tare da ta zauna a can ba.

Ga mai G29, ni ina ganin tsakanin 70 da 80 wuri ne mai kyau na farawa. Zai yi maka sauƙi a ranar farko, har ka ji kamar an rage maka wani abu. Ba shi kwana biyu kafin ka yanke hukunci. Mai injin kai tsaye kuma tsarinsa ya juya: ya bar ƙarfin manhajar sitiyarin a sama, ya rage na cikin wasa zuwa abin da kafaɗarsa za ta ɗauka na awa guda, domin sararin da ya rage a sama shi ne ribar kuɗin da ya kashe. Shi kuma ya kiyaye yatsun yara, kuma idan mota ta nufi bango ya saki sitiyarin.

Masu T300 suna da wata jarrabawa a bazara. Injinsa idan ya ɗau zafi yakan rage ƙarfi da kansa don kada ya ƙone, kuma a Kaduna cikin Maris da Afrilu, ɗaki a rufe ba fanka, ba ya daɗewa kafin ya kai can. Sai ka ji sitiyari ya yi laushi a tsakiyar tsere ka ɗauka tayoyi ne suka mutu. Bar ƙarfinsa na manhaja a 75 da ya zo da shi, kunna tsarin da ke barin fankarsa tana aiki koyaushe, yana cikin littafin da aka haɗo shi da shi, kuma kada ka toshe ramukan iskarsa.

Sauran layukan ba sa bukatar dogon zance. Layin Minimum Force, wato mafi ƙarancin ƙarfi, an yi shi ne don cike ramin da ke tsakiyar sitiyari mai giya, inda ba ka jin komai a miƙaƙƙen titi. Ga Logitech fara da 10, ka ɗaga kaɗan-kaɗan, da zarar sitiyarin ya fara karkarwa shi kaɗai ka koma baya. Mai bel 2 zuwa 4 ya ishe shi, mai injin kai tsaye sifili. Dynamic Damping ka bar shi a 100, shi ke ba sitiyari natsuwa idan gudu ya yi yawa. Road Effects ƙarin girgizar titi ce don daɗi, ni dai kusa da sifili nake barinta, don tana rufe abin da ake nema. Idan kuma talabijin kake amfani da ita, sa ta a tsarin wasa, domin jinkirin hoto yakan sa ka gyara mota bayan lokacin gyara ya wuce. Af, raunin intanet ba ya taɓa nauyin sitiyari. Kwamfutarka ce ke lissafin motarka, abin da intanet ke ɓatawa shi ne inda kake ganin motocin abokan tsere.

Mataki na uku: iska

Direban da ya auna tayarsa da asuba wurin mai faci a Kawo, idan ya sake aunawa da ya isa Zariya da rana tsaka, geji zai nuna masa fiye da na safe, ba tare da kowa ya ƙara masa iska ba. Iska ce ta ɗau zafi ta matsu. Haka yake a wasan: lambar da kake rubutawa a gareji ta sanyi ce, wadda ke da muhimmanci kuwa ita ce ta bayan taya ta yi zafi.

Tun sabuntawar 1.9 da aka yi wa wasan a 2023, tayar busasshen titi ta kamfanin Pirelli a motocin tsere na ajin GT3 tana son psi (ma'aunin iskar taya) 26 zuwa 27 idan ta yi zafi, zafin cikinta kuma tsakanin digiri 70 da 100 na Salshiyas, inda 80 zuwa 90 ya fi daɗi. Idan ka ci karo da tsohon bidiyo yana cewa 27.5, na kafin sabuntawar ne.

Ɗauki saitin da wasan ya tanada, wanda ake kira Aggressive, ka zuba man da za ka yi tsere da shi, ba na zagaye biyu ba, domin nauyin mai yana canza aikin taya. Fita ka yi zagaye huɗu ko biyar da gudun tsere, ba tare da juyewa ko fita ciyawa ba. Idan ka juye, lambobin sun lalace, sake daga farko. A zagaye na ƙarshe, kalli iskar tayoyin huɗu a tsakiyar zagayen, ba a ƙarshen dogon titi ba inda suka huce. Rubuta su a takarda.

A ce burinka 26.6 ne, sai ka ga gaban hagu 27.4, gaban dama 26.5, bayan hagu 26.9, bayan dama 26.1. Kowane danni a gareji 0.1 ne. Don haka gaban hagu ka rage takwas, gaban dama ka ƙara ɗaya, bayan hagu ka rage uku, bayan dama ka ƙara biyar. Kada ya dame ka cewa lambobin gareji sun zama huɗu daban-daban, haka ya kamata su kasance. Fili mai zagayawa ta dama, irin Monza da Barcelona, tayoyin hagu yake wahalarwa, don haka su suke farawa da ƙarancin iska. Kyalami ta Afirka ta Kudu ta hagu take zagayawa, sai lissafin ya sauya. Sake fita ka tabbatar. Sau da yawa sai an yi gyara na biyu, ƙarami.

Iska idan ta yi yawa, tsakiyar taya ke kumbura, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu, mota ta riƙa zamewa farat ɗaya, sitiyari ya yi kaifi da tsalle a kan dakali. Idan ta yi kaɗan, gefen taya ke lanƙwashewa, mota ta yi nawa wajen amsa umarni, sitiyari ya yi kamar akwai jinkiri tsakanin hannunka da gaban motar. Yana da kyau ka ɓata wata rana guda ka gwada 25 da 28 da gangan, don hannunka ya san ɗanɗanon kowanne.

Mataki na huɗu: ciki, tsakiya da waje

A shafin taya na gareji, kowace taya tana da lambobin zafi uku: gefen ciki, tsakiya, gefen waje. Na ciki ya kamata ya fi zafi, saboda ana karkata saman tayar motar tsere ciki, abin da makanikai ke kira kamba, na tsakiya kuma ya faɗo tsakanin biyun. Idan tazarar ciki da waje ta haura kusan digiri 15, rage kamba. Idan waje ya kamo ciki ko ya wuce shi, ƙara. Idan tsakiya ta fi duka biyun zafi, koma ka duba iska. Karkatar bakin taya ciki ko waje, wadda ake gyarawa wurin alaimen, ita ma tana ƙara zafi idan ta yi yawa, domin taya tana gurza ko a miƙaƙƙen titi.

Sai ƙofar iskar birki, daga 0 da ke rufe ruf zuwa 6 da ke buɗe duka. Zafin birki yana bi ta ƙarfen wili ya shiga taya, don haka wannan ƙofa ita ce hanya mafi sauƙi ta ɗaga ko sauke zafin tayoyin gaba ko na baya gaba ɗayansu. Tayoyin baya sun ƙi barin shuɗi, launin sanyi a allo, a Spa da dare? Rufe ƙofar baya da maki ɗaya. Na gaba suna komawa rawaya, alamar zafi ya fara yawa, da rana? Buɗe ta gaba. Sai dai ka sa ido kada birkin gaba ya riƙa wuce digiri 650 a taku mai ƙarfi, domin daga nan yake fara rauni. Kuma duk lokacin da ka taɓa ƙofar, iska za ta motsa, sai ka sake aunawa. Abu ɗaya ake canzawa a fita ɗaya. Wanda ya taɓa uku lokaci guda, ko motar ta gyaru ba zai san wanne ya gyara ta ba.

Mataki na biyar: hannu da ƙafa

Bayan duk wannan, idan taya ɗaya tana ci gaba da ƙonewa, tuƙi ne. Fatar taya tana zafi nan take kuma ta huce nan take, cikinta kuwa a hankali yake ɗauka, a hankali yake saki. Zamewa ɗaya ba ta kashe taya. Zamewa a kowace kwana ce ke tura zafin ciki, daga nan iska ta hau, riƙo ya ragu, zamewa ta ƙaru.

Idan na gaba ne, kana shiga kwana da gudu fiye da kima kana ƙara murɗawa. Taka birki da wuri kaɗan, ka sake shi a hankali yayin da kake juyawa don nauyi ya zauna a gaba, kuma da ka ji sitiyari ya fara sauƙi ka tsaya da murɗawa, ko ma ka ɗan warware. Da farko zai yi maka kamar ka rage gudu, agogo ne zai nuna maka akasin haka. Idan na baya ne, ƙafar dama ce: kana danne totur kafin sitiyari ya fara miƙewa. Ɗaga na'urar hana tayar baya juyawa a banza da maki ɗaya, ka koyi taka totur daidai da yadda kake warware hannu. Zagaye biyu na lallaɓawa sukan dawo da tayar da ta yi rawaya zuwa kore.

Sanyi ma yana da nasa lahani. Tayar da aka matsa wa tun ba ta ɗumama ba takan yi ɓurɓushi a fata, wadda ta wuce kima a zafi takan yi bororo, wadda aka ja a ƙasa lokacin juyewa kuma takan sami wuri guda da ya baje, har ka riƙa jin kaɗawarsa a sitiyari yana ƙaruwa da gudu. A zagayen ɗumama taya, taka birki da ƙarfi sau da dama ya fi lilo hagu da dama amfani, domin lilo fata kawai yake ɗumamawa. Ka kuma guji dogayen dakalan nan masu tudu da ke bayan na ja da fari, domin dukansu da ƙarfi yana zubar da iska, kuma ba ta dawowa sai an canza taya.

Ranar tsere

Zafin ɗakinka bai shafi tayar cikin wasa ba, na filin da aka rubuta a saman allo shi ne abin dubawa. 'Yan wasan suna da ƙiyasin da ke aiki: duk digiri ɗaya da zafin iskar fili ya ƙaru, rage 0.1 a kowace taya, idan ya ragu ka ƙara. Ka yi gwaji a 22, tsere ya zo a 28, sai ka rage wajen 0.6. Idan tseren zai fara da la'asar ya shiga dare, fara a saman iyaka, kusa da 27, don sanyi zai sauko da ita. Bin bayan wata mota kurkusa yana ƙara zafin gaba, saboda iskar da ke isa gare ka ta ragu.

Akwai tarkon da ke kama mutane da yawa: tayoyin da za a sa maka idan ka tsaya canji suna da nasu lambobin iska a shafin dabarun tsayawa, daban da na farawa. Idan ba ka gyara su ba, za ka fito da sababbin tayoyi a kan tsohon lissafi. Tayar ruwan sama kuma tana son wajen psi 30 idan ta ɗumama, kuma ba ta jure busasshen titi, don haka idan layin tsere ya fara bushewa ka riƙa bi ta inda ruwa ya kwanta a miƙaƙƙen titi don ta huce.

A iRacing ba za ka ga zafin taya kana tuƙi ba, sai ka dawo gareji, saboda haka sitiyari ne madogararka. Can ɗin ma saitin ƙarfi ya fi sauƙi: yi zagaye mai tsabta, danna F9, ka zaɓi kalmar auto da ke gefen ƙarfin, wasan zai auna iyakar motar da kansa, kuma kowace mota sai an yi mata nata. Tsohon Assetto Corsa na 2014 yana barin ka ƙara ko rage ƙarfin kowace mota kana cikin tuƙi da madannan tarawa da ɗebewa na gefen allon rubutu. Gran Turismo 7 na PlayStation kuwa ba ya ba ka damar taɓa iskar taya sam, layuka biyu kawai yake da su na sitiyari, kowanne daga 1 zuwa 10, ɗaya na ƙarfi ɗaya na saurin amsawa. Mai G29 ya fara da ƙarfi 4 ko 5, ya shiga doguwar kwana, ya ƙara murɗawa da gangan har gaba ya zame. Idan bai ji sitiyarin ya sassauta ba, ya rage maki ɗaya ya sake gwadawa.